Yadda ake kama ƙaramin RNA yana danne saƙon ƙwayar gado a E. coli: gwajin RyhB da sodB

Wannan gwaji na ɗalibin mikrobiyoloji ko bayokemistiri ne, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, wanda ke son ya ga da idonsa yadda bakteriya ke rufe bakin ƙwayar gado bayan an riga an kwafe ta zuwa RNA. A aji an fi tsayawa kan furotin irin LacI da ke hana kwafi tun daga kan DNA. Akwai mataki na biyu da ya fi wannan sauri: saƙo ya riga ya fito, sai wani ƙaramin RNA ya tare shi kafin ribosom ya karanta.

Abin da za ka sani kafin ka ɗauki fifet

RyhB ƙaramin RNA ne mai nukiliyotaid 90, wanda Eric Massé da Susan Gottesman suka bayyana aikinsa a 2002 a Amurka. Idan sinadarin ƙarfe ya wadata a cikin E. coli, furotin Fur yakan riƙe ƙarfen ya zauna a kan mafarin ryhB, ƙwayar gadon da ake kwafo RyhB daga gare ta, don haka ba a kwafe shi. Da ƙarfe ya yi ƙaranci sai Fur ya sauka, RyhB ya fito da yawa, ya bi saƙonnin furotin masu cin ƙarfe waɗanda ƙwayar za ta iya haƙura da su na ɗan lokaci, irin su sodB, mai yin enzayim ɗin da ke kawar da gubar oksijin, da sdhCDAB, mai yin enzayim ɗin sarrafa sinadarin saksinet. Da haka ake tsimin ƙarfen ga abin da ya zama dole.

RyhB ba ya mannewa da sodB gaba ɗaya. 'Yan nukiliyotaid kaɗan ne ke haɗuwa, daf da inda ribosom ke zama, kuma haɗuwar na buƙatar Hfq. Shi Hfq zobe ne na furotin shida iri ɗaya, an fara gano shi a 1968 a matsayin abin da bairos Qβ ke dogaro da shi a cikin E. coli. Aikinsa irin na dillali ne a kasuwa: ya riƙe wutsiyar ƙaramin RNA mai yawan U a fuska ɗaya, ya riƙe saƙon ta wurin da A ta yi yawa a ɗaya fuskar, ya haɗa su, ya wuce ga wasu. Bayan haɗuwar, enzayim RNase E yakan yanke su biyun.

Yawancin saƙonnin RNA na E. coli rabinsu kan lalace cikin minti 3 zuwa 8, shi kuma sodB yakan zube cikin 'yan mintuna da zarar RyhB ya fito. Saboda haka duk nasarar gwajin nan ta rataya ne a kan saurin da ka tsayar da ƙwayoyin a daidai lokacin da ka ɗebi samfur.

Kayan aiki

- E. coli K-12 iri uku daga tushe ɗaya: lafiyayye, da ΔryhB, da Δhfq (alamar Δ na nufin an cire wannan ƙwayar gado). In da hali a ƙara Δfur.
- LB: tiriptom giram 10, ruwan yis busasshe giram 5, gishirin NaCl giram 10 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, na faranti a ƙara aga giram 15.
- Dipiridil mai kama ƙarfe, wato 2,2'-dipyridyl: uwar haɗi ta milimola 100, miligiram 15.6 a mililita 1 ta etanol.
- FeSO4·7H2O: milimola 100, miligiram 27.8 a mililita 1 ta ruwa.
- Ruwan tsayarwa: fenol kashi 5, etanol kashi 95.
- TRIzol, kuloroform, aisofurofanol, etanol 75 cikin ɗari, laisozayim, ruwan TE, ruwa marar RNase.
- DNase I, enzayim ɗin RT mai mayar da RNA zuwa DNA, firaimomi, haɗin SYBR Green.
- Inkubeta mai girgiza, injin auna haske a nanomita 600, santirifuj mai kai 12,000 g, kayan jel, injin qPCR ko na PCR.
- Kwalaben Erlenmeyer na mililita 500 da 250, bututan mililita 2, bakunan fifet masu matata, safar hannu, agogon ƙirga minti, kula cike da ƙanƙara.

Maganar iri tana buƙatar bayani. Tarin Keio na Japan, wanda aka fitar a 2006 a kan tushen BW25113, yana da Δhfq da Δfur, amma ba shi da ΔryhB domin ƙwayoyin gado masu yin furotin ya ƙunsa. ΔryhB sai dai ka roƙa daga ɗakin gwaje-gwajen da ke aiki a kansa, ko ka cire da kanka ta hanyar lambda Red ta Datsenko da Wanner ta 2000. Idan Δhfq ɗinka na BW25113 ne, lafiyayyen ma ya zama BW25113. Kada ka kwatanta shi da MG1655. Kada kuma ka ɗauko E. coli da aka ware daga fitsarin majinyaci don ya fi sauƙin samu. Yana da haɗari, kuma ba ka da ɗan'uwansa da aka cire wa komai, don haka babu abin kwatantawa.

1. Shirya wurin aiki

RNase, enzayim mai daddatsa RNA, na nan a fatar hannu, da yawu, da ƙura, kuma otokilef ba ya gama da shi. A lokacin hunturu, ƙurar da ke sauka kan benci cikin sa'a ɗaya ta isa ta ɓata aikin mako. Rufe taga, kashe fankar da ke saman benci, goge wurin da fifet da RNaseZap ko haidirojin feroksaid 3 cikin ɗari. Ware kwalin bakunan fifet da jakar bututai na RNA kaɗai, ka rubuta a jiki. Duk sa'ad da ka taɓa waya ko ƙofa ko fuskarka, canja safar hannu.

Idan ba a sami ruwa marar RNase na saye ba, zuba DEPC mililita 1 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, ya kwana, sannan a dafa a otokilef. Kada a sa DEPC a ruwan da ke da Tiris, domin suna cin juna. LB ma da tataccen ruwa ake haɗa shi, ba ruwan burtsatse ba, saboda yawan ƙarfensa ya bambanta daga rijiya zuwa rijiya. Haɗa LB da zai ishe ka duk maimaicin a tukunya ɗaya, a dafa a digiri 121 na minti 15.

2. Tayar da ƙwayoyin

Shafa kowane iri a farantin LB, waɗanda aka cire wa wani abu, in suna jure wa kanamaisin kamar na Keio, a kan mai kanamaisin mikrogiram 25 zuwa 50 a mililita. Su kwana a digiri 37. Kafin ka kashe kuɗin sinadarai, tabbatar da PCR cewa abin da aka ce an cire ya ciru ɗin. Washegari da yamma ɗauki koloni guda daga kowane faranti zuwa LB mililita 5, ya kwana yana girgiza. Kowane maimaici na gaskiya daga koloni daban yake farawa, kuma uku ne mafi ƙaranci.

3. Noma zuwa matakin da ake so

Da sassafe zuba mililita 0.6 na noman kwana a LB mililita 60 mai ɗumi, cikin kwalbar mililita 500. A nan babu kanamaisin, domin lafiyayyen ba ya jure masa, kuma ba a son bambanci ko ɗaya ban da abin da aka cire. Girgiza zagaye 200 a minti a digiri 37, ka riƙa auna kauri a nanomita 600 kowane minti 20 bayan sa'a ta farko. Abin da ake nema 0.4 zuwa 0.5, wanda lafiyayyen kan kai cikin kimanin sa'a biyu. Δhfq ya fi nawa, don haka ka fara shi da wuri, ka bi ma'aunin kauri, ba agogo ba. Idan babu sifektirofotomita, kalorimita mai matatar da ta fi kusa da 600 za ta yi, muddin ita ka yi amfani da ita ga kowane iri.

Abubuwa biyu na yankinmu kan ɓata wannan mataki. Na farko zafi: a watan Maris da Afrilu ɗaki a Gombe ko Bauchi na iya wuce digiri 37, kuma inkubetar da ba ta sanyaya ba za ta iya sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Sa tamomita a cikin kwalbar ruwa a ciki, kada ka yarda da lambar da ke jikin inji, kuma ka gama ɗibar samfur kafin rana ta take. Na biyu wuta. Idan girgiza ta tsaya, iskar oksijin ta ƙare a kwalba cikin ɗan lokaci, furotin masu lura da ƙarancin oksijin, su ArcA da FNR, su tashi, su kuma suna taɓa ƙwayoyin gadon numfashi irin sdh. Abin da za ka auna bayan nan ba aikin ƙarfe kaɗai ba ne. Tanadi janareta ko inbata na sa'a huɗu kafin ka fara. In wuta ta ɗauke a tsakiya har girgiza ta tsaya, zubar ka sake rana. Ya fi arha a kan ɓarnar TRIzol da SYBR.

4. Cire ƙarfe da ɗibar samfur

Wannan ne zuciyar aikin, kuma ana shirya shi tun ƙwayoyin na girma. Rubuta wa kowane bututu sunan iri da minti. Zuba ruwan tsayarwa mikrolita 300 a kowanne, ka binne su cikin ƙanƙara. Ƙanƙarar kasuwa ta wadatar idan an farfasa ta ƙanana, sai dai kada ruwanta ya kai murfin bututu. Haɗa FeSO4 a ranar, domin idan ya kwana yakan koma rawaya, alamar ya zama nau'in ƙarfen da Fur ba ya amfani da shi.

Da kauri ya kai, raba noman biyu, mililita 25 kowanne, cikin kwalaben mililita 250 da aka riga aka ɗumama. Bar su su girgiza minti 5 su daidaita. Ɗebi mililita 1.5 daga kowacce zuwa bututunta, ka juya sau uku nan take, ka mayar cikin ƙanƙara. Wannan shi ne minti 0.

Yanzu saura mililita 23.5 a kowace kwalba. A ta gwaji zuba dipiridil mikrolita 59, wato mikrolita 2.5 ga kowace mililita, wanda ya ba da mikromola 250. A ta kwatance zuba etanol zalla daidai wannan adadi. Danna agogo. Za ka ga ruwan gwaji ya ɗan yi ja-ja, alamar dipiridil ya kama ƙarfen da ke cikin LB.

Ɗebi samfur daga kwalbar gwaji a minti 5, 10 da 15. Da ka ɗebi na 15, zuba FeSO4 mikrolita 19 a mililita 19 da suka rage, wato mikromola 100. Dipiridil uku ne ke riƙe ƙarfe ɗaya, don haka mikromola 250 ba zai riƙe fiye da kimanin 83 ba, sauran ya isa ga Fur. Ƙara ɗiba a minti 20 da 25. Daga kwalbar kwatance, minti 0 da 15 sun isa. Bututai takwas ke nan ga kowane iri, 24 ga uku, daidai cikin santirifuj mai rami 24. Δfur samfur ɗaya ya ishe shi, ba tare da an zuba masa komai ba.

Daga buɗe inkubeta zuwa juya bututu kada ya wuce daƙiƙa 20. Ya fi kyau ku zama biyu, ɗaya na ɗiba, ɗaya na riƙe da agogo da takarda, kuma a bar tazarar minti 1 ko 2 tsakanin iri da iri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗebi samfur a bututu marar komai, a ajiye kan ƙanƙara, a ce za a juya su gaba ɗaya daga baya. Ƙanƙara ita kaɗai ba ta tsayar da RNase E nan take, sanyin kuma na tayar da wasu ƙwayoyin gadon na daban. Fenol da etanol ne ke kashe komai a wurin. Wanda ba shi da fenol zai iya amfani da RNAprotect Bacteria, kashi biyu ga kashi ɗaya na noma, a zafin ɗaki.

5. Tattara ƙwayoyin

Juya bututan minti 5 a 12,000 g, a digiri 4 in injin na sanyaya. In ba ya yi, sa kan injin a firji tun da safe, ka rage juyin zuwa minti 3. Zubar da ruwan sama a kwalbar sharar fenol, ka tsotse ɗigon ƙarshe da fifet. Mai firiza ta digiri 80 ƙasa da sifili zai iya tsayawa a nan. Wanda tasa ta 20 ce, kuma wuta na zuwa tana tafiya, gara ya wuce mataki na gaba ya ajiye samfur a cikin TRIzol, inda narkewa ba ta yi masa illa sosai.

6. Fitar da RNA

Narkar da dunƙulen a TE mikrolita 100 mai laisozayim miligiram 1 a mililita, minti 5 a zafin ɗaki. Zuba TRIzol mililita 1, gauraya sosai, bar shi minti 5. Ƙara kuloroform mikrolita 200, girgiza da hannu daƙiƙa 15, jira minti 3, juya minti 15 a 12,000 g. Zai rabu uku: ja a ƙasa, farin fatar tsakiya, garau a sama. RNA na sama. Ɗebi mikrolita 450 zuwa 500 kawai, ka bar sauran. Kwaɗayin ɗigon ƙarshe shi ke jawo DNA daga fatar tsakiya.

Zuba aisofurofanol mikrolita 500, juya bututun, jira minti 10, juya a inji minti 10 a 12,000 g. Dunƙulen ɗan ƙarami ne, fari ko kamar gilashi, don haka ka riƙa sa bututu da maƙalin murfinsa a waje domin ka san gefen da zai kwanta. Wanke da etanol 75 cikin ɗari mililita 1, juya minti 5 a 7,500 g, ka maimaita wankin sau biyu. Bar shi ya sha iska minti 5 zuwa 10. A busasshiyar iskar hunturu minti 5 ya isa, domin in ya bushe ƙayau ba ya narkewa. Narkar a ruwa marar RNase mikrolita 40, a digiri 55 na minti 10.

Gargaɗi kan kit mai matata: da yawansu, ciki har da RNeasy na yau da kullum, suna zubar da RNA da bai kai nukiliyotaid 200 ba. RyhB 90 ne. Za ka sami RNA mai tsabta, sodB ya fito, RyhB ya ɓace, ka zaci dipiridil bai yi aiki ba. Karanta takardar kit ka tabbata tana riƙe ƙananan RNA. Idan TRIzol ya gagara, tsohuwar hanyar fenol mai zafi a digiri 65 tare da SDS na aiki da kyau, da sharaɗin fenol ɗin mai tsami ne, pH kimanin 4.5. Na pH 8 na DNA ne, zai bar maka DNA a ruwan sama.

Fenol na ƙona fata ba tare da ka ji zafi da wuri ba. Yi aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau. In ya taɓa ka, goge da PEG 300 ko 400 in akwai, ko ka sakar masa ruwa mai yawa na aƙalla minti 15. Kada sharar TRIzol ta taɓa haɗuwa da bilic, domin suna fitar da iska mai guba.

7. Kawar da DNA

Ƙwayoyin gadon bakteriya ba su da gibin da za a tsallaka da firaima, don haka duk DNA da ya rage zai fito a PCR tamkar saƙo. Ɗauki RNA mikrogiram 5, DNase I yunit 5 da ruwan haɗinsa, digiri 37 na minti 30. Kafin ka kashe enzayim ɗin a digiri 65 na minti 10, zuba EDTA yadda takardarsa ta ce. In ka manta, maganiziyom da zafi za su daddatsa RNA ɗin.

8. Duba inganci

A260, wato hasken da samfur ya sha a nanomita 260, in ya zama 1 daidai yake da RNA mikrogiram 40 a mililita. A260 bisa A280 ya zama wajen 2.0. In A260 bisa A230 ya faɗi ƙasa sosai, gishirin TRIzol ko fenol ya rage, sai a sake kwantar da RNA a wanke. Amma waɗannan lambobi ba sa nuna ko RNA ya karye. Rubabben RNA ma na ba da 2.0. Jel ne ke faɗin gaskiya.

Haɗa agaros 1 cikin ɗari a TAE, ka zuba bilic na wanki kafin ka narkar: mililita 1 a mililita 100 in mai ƙarfin 6 cikin ɗari ne, 1.7 in mai 3.5 ne. Bar shi minti 5 sannan ka dafa. Bilic ɗin na kashe RNase na cikin jel. Sa nanogiram 500 a kowane rami. Lafiyayyen RNA na nuna layi biyu masu kaifi, 23S mai kimanin nukiliyotaid 2,900 a sama da 16S mai kimanin 1,540, na saman ya fi haske, sai wani gajimare can ƙasa na 5S da tRNA. Wannan gajimaren shi ne shaidar ƙananan RNA sun tsira. Layi a bakin rami DNA ne. Shafe daga sama har ƙasa ba layi, RNase ya ci. Mai aiki da Salmonella kada ya tsorata in 23S ya fito a gutsure, haka halittarsa take.

9. Mayar da RNA zuwa cDNA

Yi amfani da nanogiram 500 daga kowane samfur, adadi ɗaya ga kowa. Kada ka sa oligo-dT, domin saƙonnin bakteriya ba su da doguwar wutsiyar A irin ta dabbobi da tsirrai. Firaimomin heksama na gama-gari sun yi wa sodB, amma suna da rauni a kan RNA gajere kamar RyhB, sai ka ƙara firaimar baya ta ryhB a cikin haɗin. RyhB na naɗe kansa, don haka ɗumama RNA da firaima a digiri 65 na minti 5, ka tsoma cikin ƙanƙara, sannan ka yi RT a digiri 50 in enzayim ɗinka na jure wa hakan. Kowane samfur ya sami tagwai da ba a sa wa enzayim RT ba.

10. qPCR

Abubuwa huɗu za ka auna: sodB, ryhB, fepA, da ƙwayar gadon ma'auni, wadda ba ta canjawa, da ake gwada sauran da ita. Ɗauko jerinsu daga EcoCyc, rumbun bayanan E. coli na intanet. Yankin da za a kwafa ya zama tsawon 70 zuwa 150, na ryhB kuwa 60 zuwa 70, nesa da naɗin da ke ƙarshensa. Firaimomi su narke wajen digiri 60, a sa nanomola 300.

Amfanin fepA, ƙwayar gadon shigo da ƙarfe, babba ne. Fur ne ke danne shi kai tsaye, saboda haka dole ya tashi a kowane iri da aka zuba wa dipiridil. In bai tashi ba, ƙarfe bai ragu ba, kuma babu abin da sauran lambobin za su gaya maka. Ma'auni kuwa mutane kan ruga ga 16S, alhali ya yi yawa ƙwarai kuma ba ya motsi ko da saƙonni sun lalace. Gwada ihfB ko hcaT, ka tabbata Ct ɗinsu, wato zagayen da haskensu ke fara fitowa a inji, bai gusa fiye da rabin zagaye ba tsakanin samfura. In dole sai 16S, tsinka cDNA sau 1,000.

Tsarin inji: digiri 95 na farko yadda haɗinka ya tanada, sai zagaye 40 na digiri 95 daƙiƙa 15 da digiri 60 minti 1, a rufe da gwajin narkewa, wanda ya kamata ya nuna tsauni ɗaya. Kafin samfuran gaske, tsinka cDNA sau goma-goma har hawa biyar ka duba ingancin kowace firaima, ya faɗa tsakanin 90 da 110 cikin ɗari. Tagwan da ba RT ya fito aƙalla zagaye 5 bayan ɗan'uwansa, in ba haka ba koma mataki na 7. A ΔryhB kada firaimar ryhB ta ba da komai.

11. Lissafi da karanta sakamako

Hanyar ΔΔCt ta Livak da Schmittgen ta 2001 ake bi. Misali na lissafi kawai: a minti 0 sodB ya fito a 18, ma'auni a 20, bambanci −2. A minti 10 sodB 22, ma'auni 20, bambanci +2. ΔΔCt ya zama 4, wato saƙon ya ragu zuwa kashi 1 cikin 16. Yi gwajin ƙididdiga a kan ΔCt na maimaici uku na gaskiya, ba ramuka uku na samfur ɗaya ba.

A lafiyayye ana sa ran RyhB ya tashi, sodB ya zube, bayan an mayar da ƙarfe RyhB ya sauka da sauri, sodB ya fara dawowa. A ΔryhB fepA zai tashi amma sodB ba zai yi wannan zubewar ba. A Δhfq RyhB ba ya daɗewa, dannewar kuma ta yi rauni. A Δfur RyhB na sama sodB na ƙasa tun ba a zuba komai ba. In kwalbar kwatance ma ta nuna sodB ya motsa sosai, duba iska da zafi da jinkirin ɗiba.

Yi hattara da Δhfq wajen rubuta rahoto. Hfq na hidima wa ƙananan RNA masu yawa, cire shi na taɓa ɗaruruwan ƙwayoyin gado, don haka shi kaɗai ba ya nuna RyhB ne. Wanda bai sami ΔryhB ba ya rubuta cewa sakamakonsa ya dace da aikin RyhB, kada ya ce ya tabbatar.

Idan babu injin qPCR

Yi PCR na yau da kullum da cDNA ɗin, bututai uku ga kowane samfur, ka cire su a zagaye 20, 24 da 28. Jel na agaros 2 cikin ɗari, hoto, a auna haske da manhajar ImageJ ta kyauta. Kada ka kai zagaye 35, domin a can mai yawa da mai kaɗan duk sun ƙoshi, layukan su zama ɗaya. Wannan hanya na nuna babban bambanci irin na sodB, ba ta dace da ƙaramin canji ba.

Akwai kuma gwajin faranti marar buƙatar RNA. Haɗa M9, abincin bakteriya na gishiri zalla, kashi biyu, ɗaya da gulukos, ɗaya da saksinet 0.4 cikin ɗari. Wanke ƙwayoyin da ruwan gishirin M9 sau biyu don kada LB ya biyo su, ka shafa, sa'a 48 a digiri 37. Δfur na girma a gulukos amma ya kasa a saksinet, domin RyhB ya danne sdhCDAB ba hutu. Wanda aka cire wa fur da ryhB duka yakan dawo da girma. 'Yan manyan koloni da ka iya ɓullowa a farantin Δfur sababbin sauye-sauye ne, kada ka ƙirga su a matsayin girma.

Tabbatar da haɗuwar kai tsaye

Zubewar sodB ba ta nuna RyhB ya taɓa shi da kansa ba. Sa jerin biyun a IntaRNA ta Jami'ar Freiburg da ke Jamus ka ga inda ake hasashen haɗuwa. Haɗa farkon sodB da GFP, furotin mai koren haske, a filasmid irin pXG10 na Urban da Vogel na 2007, RyhB kuma a filasmid na biyu. Canja nukiliyotaid uku a wurin haɗuwa na RyhB, hasken GFP ya dawo. Canja uku masu dacewa da su a sodB, dannewar ta koma.

Matakai na 3 zuwa 11 na aiki ga wasu ƙananan RNA masu dogaro da Hfq. Ga SgrS, a maimakon dipiridil a zuba alfa-metil-gulukosaid 0.5 cikin ɗari, a auna ptsG. Furotin CsrA kuwa tsarinsa daban ne: shi ne ke kama GGA a kan saƙo ya tare ribosom, ƙananan RNA CsrB da CsrC su janye shi. A nan ƙaruwar ƙaramin RNA na sa saƙo irin glgC ya tashi ne, don haka a karanta alƙiblar lambobin a juye.